Kwana Bakwai a Cikin Hannu

Daura, ranar Laraba.

Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka Abuja lafiya, kin rama sallolin da hanya ta ci miki, kin sa abu mai ɗumi a cikinki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ki gaishe min da Goggonki da maigidanta, ki ce na gode da ɗakin da suka ware miki.

Na cusa takardar a tsakanin atamfofinki ne saboda sau uku ina ɗauko maganar nan da baki, sau ukun wayarki tana riga ni. Ban ji haushi ba. Wayar ta fi ni murya, kuma ita ba ta tsayawa neman ta inda za ta fara. Labarin gida ba zan ba ki ba, gobe ne kawai za ki bar shi, akuyar ma ba ta haihu ba tukuna. Labarin kaina zan ba ki, wanda ba ki sani ba. Ki yi haƙuri da tsawonsa. Mu da aka raina da tatsuniya ba mu iya shiga magana ta ƙofar gaba ba, sai mun zaga.

Wata uku muka yi muna kallon ki a talabijin, tun ranar da aka tara ku a gidan gasar nan, kowace yarinya da kekenta na ɗinki da akwatin kwalliyarta, kyamara tana bin ku har wajen wanke kwano. Duk Asabar bayan la'asar tsakar gidanmu ba ta da wurin ajiye ƙafa. Baffanki da ya rantse ba zai kalli 'yar ƙaninsa tana magana da duniya ba, a zaure yake zama ya karkato kunne, kuma mai shagon bakin layi ya tona masa asiri cewa shi ya fi kowa sayen katin waya don a zaɓe ki. Ba ki ci motar ba, kika zo ta biyu, amma sunanki ya fi na wadda ta ci tafiya. Sunan mahaifiyata ne kika ci, wanda ni har yau ba na iya ɗaga murya in kira shi, sai ga shi a bakin 'yan acaba. Na yi murna, kada ki ce ban yi ba. Ranar da kika ɗinka rigar nan da farin saƙi, alƙalan gasar suka miƙe tsaye, sai da na shiga ɗaki na share ido.

Sai wannan Alhajin mai kamfani ya zo da maganar shago a Abuja, gefe ɗaya abaya da ɗinkin atamfa, gefe ɗaya kayan shafa da sunanki a jiki. Ran Litinin za ki sa hannu a takarda. Kin tuna ranar da kwalin man shafawar ya iso, kika ciro roba ɗaya kika miƙo min kina tsalle? Na daɗe ina duba hoton da ke jiki. Na ga hancinki, na ga ɗan gibin haƙorinki, amma fatar ba wadda na haifa ba ce. Sun wanke ki har kin koma kamar 'yar Larabawa. Na tambaye ki ko kin shafa man, kika yi dariya kika ce ke da man kaɗe da dilkar Inna suka raine ki me za ki yi da shi, na kasuwa ne. Na tambaye ki me ke ciki, kika ce masu kamfani sun sani.

Iya, mai sunanki, ita ce mai gyaran amare a unguwarmu tun kafin a haife ni. Ke ba ki same ta ba. Kayan aikinta ba su da yawa, kurkum ne da lalle da dilka da man kaɗe da sabulun salo, sai turaren wutar da take haɗawa da kanta. Amma tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa. Duk haɗin da aka sabunta, ko da wajen sayen kurkum ɗin kawai aka canja, sai mai haɗin ta shafa shi a cikin hannunta, ƙasa kaɗan da gwiwar hannu inda fata ta fi laushi, safe da yamma har kwana bakwai. Ta shiga rana da shi, ta tsaya gaban murhu da shi, ta yi gumi a kansa. Idan kwana bakwai suka cika babu ƙaiƙayi babu ƙuraje, sannan ya taɓa jikin 'yar mutane. Saboda haka cikin hannun Iya kullum rawaya ne kamar ƙwanduwar ƙwai, har ta koma ga Allah bai goge ba. Matan garin nan sun san da haka. Uwar amarya idan ta zo ba ta fara tambayar komai, sai ta kama hannunki kamar gaisuwa, ta ɗan juya shi. Idan ta ga tabon sai ta zauna. Ina ƙarama na taɓa tambayar Iya me ya sa ba za a gwada a kunnen akuya ba, ta ce akuya ba ta da bakin da za ta ce yana mata zafi, ni kuwa bakina ya yi min yawa, ya kamata a samo masa aiki.

Mu biyu muka koya a hannunta, ni da Ladidi. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, muka yi aure kuma Allah ya sake haɗa mu maƙwabtaka a layin nan. Ke kin san ta da tsohuwar da take ba ki gyaɗa ta saman katanga. Ta fi ni hannu a lalle, nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da baki, ni kuwa ina da shi, don haka sunana ne ya fita. 'Yarta Saude a hannuna ta faɗo duniya, ni na fara yi mata wanka.

Shekarun da aka kawo Shari'a, kiɗa da rawa a gidan biki suka ja baya, abin da a da ake watsa wa makaɗa sai ya koma jikin amarya. Kasuwarmu ta buɗe. Na gyara wata amarya ta gidan wani attajiri a cikin gari, dangin ango da suka zo daga Kano suka yi ta santi, shi ke nan. A lokacin ba mu da talabijin, amma bakin mata a gidan suna ya fi kowace tasha nisa. Kafin shekara ta zagayo ana turo min mota daga Katsina, ana aiko min daga ƙetaren iyaka. Idan na shiga gidan biki sai in ji ana raɗa, ita ce, ita ce. Uwata, na san daɗin abin da kike ji yanzu. Na ɗanɗana shi, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ba shi da daɗi ba.

A irin waɗannan gidajen ne wata Hajiya, mai zoben gwal a kowane yatsa, ta dubi hannuna ina murza wa 'yarta dilka, ta ce wa ƙawarta ita abin mamaki yake ba ta, mai gyara mutane amma hannunta kamar na mai rini. Suka yi dariya, ni ma na taya su, don a gidansu nake. Na dawo gida na sa aka ɗinka min riguna masu dogon hannu. Daga baya na kama tabon da lemun tsami da toka har ya fita. Daga nan gwaji ya tsaya. Na gaya wa kaina ai na san haɗin nan kamar sunana, Iya ma da ta yi ta fama tsoro ne irin na mutanen da. A lokacin ta shekara biyu a ƙasa, babu mai juya min hannu.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba a ranar ya nuna kansa ba. Kunyar alamar sana'ata na ji a gaban wadda ba ta taɓa dama ko kunu ba. Na ga irinsa a kanki. Makonnin farko a gidan gasar, idan kyamara ta matso ana ganin yatsanki da allura ta huda. Zuwa ƙarshe sai na ga an manna miki dogayen farce, kina riƙe almakashi kamar mai tsoron ya cije ki. Mutanen da za ki haɗu da su yanzu za su so fuskarki, ba za su so ganin inda aiki ya taɓa ki ba. Kada ki taya su. Yatsan nan da ya huje shi ya kai ki inda kike, ki bar shi a fili.

Sai Sha'aban ya kama, lokacin da kowa ke son a kai masa amarya kafin azumi. Amare tara na karɓa cikin sati uku, kuma kowace uwa da ta zo kalma ɗaya ce a bakinta, haske. A sa ta yi haske. Kurkum kuwa yana gyara fata ne, ba ya canja wa mutum iyaye. Na je Kongolam, can bakin iyaka, sayen turare, wata mai fataucin kaya daga ƙetare ta ja ni gefe ta nuna min ƙaramar kwalba da rubutun Faransanci. Ta ce cokali ɗaya a cikin dilka, kwana uku amarya sai danginta sun tambayi sunanta. Na saya. Ban tambaye ta me ke ciki ba, da na tambaya ma ita ba ta sani ba.

Cikin amaren tara akwai Saude. Wani manomi ne daga Sandamu ya nema, tana son sa yana son ta, bikin saura kwana biyar. Kwana biyar ba bakwai ba ne, wannan lissafin ko yaro ya iya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ƙurewar lokaci ce ta sa, amma tunda na ɗauki biro yau gara in rubuta yadda abin yake. Ina da amaren masu kuɗi a gaba, ina son in ga aikin kwalbar kafin in kai gare su, kuma ba na son sabon tabo a hannuna. Saude 'yar gida ce, kyauta nake mata, uwarta ba za ta juya min hannu ba don tare muka koya. Sai na mayar da 'yar Ladidi wurin gwajina, a madadin cikin hannuna.

Kwana biyun farko yarinyar nan ta yi kyau har abin ya ba ni tsoro. Ta ɗauki madubina ta daɗe, ta juyo ta ce, "Inna, ni ce wannan?" Na ce ke ce mana, saura ma. Rana ta uku ta ce wuyanta yana ƙaiƙayi, na ce aikin haɗin ne, na ƙara mata. Rana ta huɗu wuya da kumatu suka tashi da ƙuraje masu ruwa, kamar an watsa mata tafasasshen mai. Aka kai ta asibiti, aka ɗaga biki sai bayan sallah. Ta warke, amma inda ya ci ya bar baƙin tabo daga ƙasan kunne har ƙashin wuya, da wani a kumatun hagu. Shekararta goma sha takwas.

Ki lura da wadda na zaɓa. Ban zaɓi 'yar mai zoben gwal ba, wadda ubanta zai iya ɗaure ni. Wadda ta yarda da ni na zaɓa. Haka abin yake tafiya, ba sai mutum ya zama mugu ba. Matan manyan Abuja da za su zo buɗe shagonki su ci kek a ɗauke su hoto, ba su za su shafa man nan ba, suna da nasu da ake kawo musu daga waje. Waɗanda za su shafa su ne yaran da suka hana kansu awara don su sayi kati su zaɓe ki. Ba za su karanta abin da ke jikin roba ba, fuskarki za su karanta.

Abin da na yi bayan nan ya fi na farkon muni. A lokacin ko'ina maganar alƙali ake, wane an yi masa bulala, wance an kai ta kotu, rabi gaskiya rabi ƙarin gishirin mata. Tsoro ya kama ni. Da mata suka cika ɗakin Ladidi ana jaje, wata ta ce anya ba baki ba ne, yarinya ta yi kyau da yawa. Sai na ji bakina yana cewa ni ma abin da na gani ke nan, shekara nawa ina wannan haɗin bai taɓa yi wa kowa haka ba. Magana ta zauna. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layi da ta yaba Saude rana ta biyu ba ta ce tubarkalla ba. Ba wanda ya tare ta da zancen, amma daga ranar mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta wuce, aka daina kai mata jarirai ta sa albarka. Haka ta mutu ba ta san laifinta ba. Ni na san shi, a ƙarƙashin gadona yake cikin kwalba, sai da na jefa ta a masai.

Ladidi tana zaune a taron tana jin mu. Bayan kwana biyu da hantsi ta shigo ina surfe. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Indo, ba ni hannunki." Na ajiye taɓarya na miƙa mata, don ban san yadda ake hanawa ba. Ta naɗe dogon hannun rigar har gwiwa, ta juya. Fes yake, ko ɗigon rawaya babu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke min hannun rigar a hankali, ta gyara bakinsa kamar mai lulluɓe yaro, ta ce, "Allah ya ji ƙan Iya." Ta fita.

Ba ta kai ni gaban alƙali ba. Ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa Saude ba. Duk azumi kununta yana tsallako katanga kamar yadda aka saba, idan kin yi zazzaɓi tana leƙowa ta tambaya. Amma ba ta sake shiga ɗakina ba, kuma ba ta sake kirana Indo ba, sai maman wance. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Kullum ina cewa zan shiga in durƙusa, ina jiran ranar da ta dace. Yau tana da baƙi, gobe ba ta jin daɗi, jibi ni ce ba ni da ƙarfin zuciya. Ranar da na shiga ɗakinta daga ƙarshe, ruwan wankan gawa na kai.

Idan kin yi kuskure a sana'a, kuma za ki yi, ki faɗa da bakinki tun yana ɗanye, a ranar. Kada ki bari wani ya ba ki ƙaryar da za ki fake a bayanta, don kullum akwai mai miƙo ta, kuma kullum akwai wanda za ta faɗa wa a kai. Ranar da ta dace ba ta zuwa. Na jira ta na gani.

Kin tashi kina jin cewa ciwon baya ne ya raba ni da gyaran amare. Bayana lafiyarsa lau, har yau ina ɗaukar tulu. Amaren da suka rage na gama su da tsohon haɗi, daga nan na kife ƙwarya. Jikinki kaɗai na ci gaba da gyarawa, shi ma da abin da Iya ta sani.

Mutumin Sandamu ya auri Saude bayan sallah. An ce da aka nuna masa ya ce shi ba kumatu ya zo nema ba. Allah ya yi masa albarka, 'ya'yansu biyar. Amma kin san ta, kin san yadda take jan mayafi ta gefen hagu ko a cikin mata, da yadda take komawa baya idan an ce a tsaya hoto. Kina ƙarama kin taɓa tambayata me ya same ta, na ce ƙaddara. Shi ma ki ƙara a cikin abin da na faɗa ba daidai ba.

Sati biyu da suka wuce, ranar da kika tafi Katsina ɗaukar hoto, Saude ta zo yi mana barka. Ta kawo kaza da ƙwaryar gero, ta zo da babbar 'yarta Jamila, mai shekara goma sha shida. Baƙa ce kamar kakarta Ladidi, irin baƙin nan mai sheƙi da ba ya son komai sai ruwa da man kaɗe. Saude ta ce duk sati da wayar maigidan suke zaɓen ki, ƙwai suke sayarwa su sayi kati, ranar da aka ce ke ce ta biyu Jamila ko tuwo ba ta ci ba. Kwalinki yana nan gefen gado, yarinyar ta hango hoton ta tashi ta je ta tsuguna a gabansa, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Inna, ran da man Anti ya fito ni zan fara saya. Na fara tara kuɗin ƙwai." Na ce ke me za ki yi da shi, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai uwarta ta ja mayafinta ta gefen hagu, ta yi dariya ta ce ai a bar ta, kayan gidan Iya ba a tambayarsu.

Na raka su bakin titi suka hau mota. Na dawo na buɗe kwalin na ɗauki roba ɗaya. Idan kin ƙirga kin ga babu ɗaya, ba ɓarawo ba ne, uwarki ce. Sai da na yi kwanaki ina kallon ta kafin na iya buɗewa. Yau kwana shida ke nan ina shafawa a cikin hannuna na hagu, safe da yamma. Ga abin da na gani, ba ƙari. Ƙamshinsa mai daɗi ne, yana shiga fata da sauri. Kwana uku ban ji komai ba. Rana ta huɗu wurin ya fi kewayensa haske, har ana iya zagaye shi da yatsa. Jiya na shanya gero a rana, wurin ya riƙa yi min zafi kamar an goga barkono, da na duba na ga ya yi ja. Yau da safe jan bai tafi ba. Ban ce guba ba ne. Ni ba likita ba ce, kuma fatar tsohuwa ba ta zama shaida a kan ta yarinya. Amma na taɓa ganin abin da ke haska mutum cikin kwana huɗu, sau ɗaya, kuma ya ishe ni.

Ga abin da nake roƙon ki, ba umarni ba ne, kin wuce a ba ki umarni. Kafin ki sa hannu, ko da Litinin ɗin za ta wuce, ki ce wa Alhaji ya rubuto miki duk abin da ke cikin man nan da harshen da kike karantawa. Ki ɗauki roba ɗaya da kanki ki kai wa masu gwada irin waɗannan kaya, Goggonki ta yi aikin asibiti, ta san inda ake kaiwa. Ki sa a cire hoton nan a sa fuskar da kike wankewa da safe. Sannan ki shafa a cikin hannunki kwana bakwai, naki hannun, don sunanki ne a jiki ba nawa ba. Idan kika ji kina ƙyashin fatarki, to kin samu amsa tun ba a je ko'ina ba. Zai ce miki babu lokaci, an riga an sa ranar buɗe shago, an gayyaci manya. Zai faɗa da murmushi, wataƙila ma har zuciyarsa yake nufi. Ni ma biki saura kwana biyar ne.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Yana iya cewa ko duka ko babu, ya naɗe shagon da abayar da komai ya kai wa wata daga cikin 'yan gidan gasar, kuma za a samu mai karɓa kafin magariba. Na san kina tsoron kafin shekara mutane su manta da ke, a tara wasu sababbin yara a gidan gasar a kama kiran wasu sunaye. Za a yi hakan, ko kin sa hannu ko ba ki sa ba. Nawa sunan da ake turo wa mota, yau yaran layin nan maman wance kawai suka sani. Abin da ya rage min daga wancan zamanin shi ne wuyan Saude. Idan shago ya kuɓuce, kekenki yana nan, hannun da ya ɗinka farin saƙi yana jikinki, ɗakin zaure babu kowa a ciki. Ba Abuja ba ne, na yarda. Zan ji miki ciwon rashin, ba zan ce miki ba komai ba.

Jibi Juma'a, idan Allah ya kai mu, zan hau motar Sandamu. Zan ce wa Saude ta sallami yara, in gaya mata ba baki ba ne, ni ce, da kwalbar Kongolam, kuma na san dalilin da ya sa na zaɓe ta. Zan gaya mata uwarta ta sani ta rufa min asiri har kabari. Tsohuwar ƙarshen layi ba ta da wanda ya rage da zan nemi gafara a wurinsa, wannan sai dai tsakanina da Allah. Ban san ko Saude za ta bar ni in gama zama a tabarmarta ba. Duk abin da ta yi daidai ne. Amma kafin in fito zan nemi Jamila in ce ta riƙe kuɗin ƙwanta, kada ta sayi komai sai ta ji daga bakina. Idan ta tambaye ni ko man Anti ba shi da kyau ne, zan ce Anti tana gwadawa tukuna. Ki taimake ni, uwata, kada wannan ma ta zama ƙarya.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ya tsare miki mutuncinki da sallarki a garin da ba wanda ya san gidanku. Ya haɗa ki da masu gaya miki gaskiya ko ba ta yi daɗi ba, ya raba ki da ɗaukar alhakin 'yar kowa. Ya ji ƙan mahaifinki da Iya da Ladidi, ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka ɓoye. Idan kin karanta ba sai kin kira ni a ranar ba, na san za ki so ki ɗan yi shiru da ni. Ki dai ci abinci, ki rufe ƙirjinki da safe, an ce garin akwai sanyin ruwa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Indo